Ana Ga Doki, Bakano Yana Ga Takarda

Bakano, bawan gidanmu, gaisuwa irin ta ubangida, wadda ake yi daga zaune. Ina fata kasuwa tana ci, ko da yake labarin da ke iso mana Zariya shi ne kasuwar ce take cin ka.

Da aka ce mini ka shiga harkar dawaki, murna na yi. Na ce madalla, yau dai an samu Bakanon da ya gane akwai wani abu a duniya ban da ƙirgen riba. Har na fara shawarar in aiko maka da tsohon sirdin kakana, don mu Zage-zagi ba ma ganin bawa yana sha'awar abin arziki mu hana shi. Ashe dokin naka ba ya cin harawa, ba ya lasar kanwa, ba shi da turke a Kano. Yana can Ingila da Ostireliya da Hong Kong, kai kuma kana Kantin Kwari riƙe da waya kana zuba masa kuɗi. Ba ka taɓa shafa wuyansa ba, shi kuma bai san an haife ka ba. Abin da ya haɗa ku wata takarda ce da ake rabawa kyauta a intanet, wadda kake kira fom, kana furta sunan da ƙasaita kamar wani digirin da ka yo a jami'armu ta Samaru.

Masu karatu su zama shaida, da idona na gani. Ranar da na zo shagonka, wata Hajiya ta ɗaga turmin atamfa ta ce, "Alhaji, nawa wannan?" Kai kuwa tabarau a karan hanci, ko ɗago kai ba ka yi ba ka ce, "Ai ƙasa ta jiƙe, ba zai iya ba." Hajiya ta dubi daɓen shagon, ta dube ka, ta ajiye turmin a hankali ta shige shagon maƙwabci. Yaronka ya raɗa mini cewa ita ce ta uku tun safe.

Na karɓe wayar, don karatu gadonmu ne, kuma bai dace a bar Bakano shi kaɗai da rubutu ba. Na zauna a kan dilar shaddarka na yi bitar takardar har la'asar sakaliya, kuma tsakani da Allah ba shirme ba ce. Wanda ya tsara ta ya san doki. A gefen sunan kowane doki akwai jerin lambobi da haruffa, misali 21-3P0, ana karantawa daga hagu, na ƙarshen shi ne fitarsa ta baya-bayan nan. Wannan dokin ya zo na biyu, sannan ya ci, ɗan karan da ke tsakiya yana nuna an shiga sabuwar kaka, ya zo na uku, sai P, wato mahayinsa ya ga ba haza ya ja linzami tun ba a kai ƙarshe ba, sifirin kuma yana nufin ko cikin taran farko bai shiga ba. In ka ga F, faɗuwa ya yi. In U ne, kayar da mahayin ya yi ya ƙara gaba abinsa. R kuwa turjewa ya yi a gaban shinge ya ce ba da shi ba, kuma duk cikin dawakan da na karanta ranar, masu R ɗin nan ne na ga suna da alamar hankali. Akwai C ga wanda ya taɓa ci a wannan filin, D ga wanda ya taɓa cin tsere mai irin wannan nisa, sai BF, dokin da jama'a suka fi dogara da shi a fitarsa ta baya ya watsa musu ƙasa a ido. Na lura kana ƙaunar masu BF, ko don halinku ya zo ɗaya ne.

Takardar za ta gaya maka wa ya horar da dokin, wa zai hau shi, kwana nawa rabonsa da fita, a wace ƙofa zai tashi, ko an sa masa makarin ido don kada ya riƙa kallon na gefe, da sunan ubansa da uwarsa. Turawan Ingila ba sa awo kamar sauran mutane. Nauyi da siton suke faɗarsa, kowane siton fam 14, wato kilo 6.35, nisa kuma da falon, kowane ɗaya mita 201, takwas su ba da mil guda. Ƙasar filin ma sai an raɗa mata suna, tun daga busasshiya ƙarau har zuwa caɓi, akwai ma wata sanda mai na'ura da ma'aikacin fili yake cakawa ya auna. Mutanen Ostireliya su lamba suke ba ta, daga 1 zuwa 10. Kuma abin yana da tasiri, don wani dokin in ƙasa ta bushe iska ne, in an yi ruwa kuwa jakin kai taki ya fi shi. A nan na gane abin da ka gaya wa Hajiya. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne shekaru: duk dokin sukuwar da ke arewacin duniya ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, ko a watan Mayu aka haife shi, na Ostireliya kuma 1 ga Agusta. Na tuna fasfo ɗinka da na abokan tafiyarka Dubai, ku shida duk 1 ga Janairu aka haife ku.

Kuma ba jiya aka fara wannan rubutu ba. Tun 1791 Ingilishi suke da kundin asalin dawakansu, kuma duk dokin sukuwar da kake gani a waya, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, a kan ɗaya daga cikin ingarmu uku za a tsaya, waɗanda aka kai Ingila daga ƙasashen Musulmi. Wanda zuriyarsa ta fi yawa, Darley Arabian, a Halab ta ƙasar Sham aka saye shi a 1704. Wani malamin lissafi mai suna Phil Bull ya kafa Timeform a 1948, ya riƙa auna gudun doki da agogo yana ba shi maki. Jaridar sukuwa ta Racing Post kuwa, Sheikh Mohammed bin Rashid na Dubai ne ya kafa ta a 1986. Saboda haka ba zan ce takardarka ba ta da amfani ba. Tana hana mutum zaɓen doki don sunansa ya yi masa daɗi, ko don rigar mahayin kore ce. Tana koya wa wanda bai taɓa riƙe ragama ba cewa doki ba mota ba ne, yana da ƙasar da yake so da nisan da numfashinsa ke kaiwa. Ni kaina da na gama bitar, na kalli tseren da ya biyo baya da wani ido daban, na ji daɗinsa fiye da da. In da a nan ka tsaya, da sirdin kakana ya iso ka tuni.

Inda na rasa gane maka, Bakano, shi ne a ce ɗan kasuwa kamarka ya manta da abin da ko yaron da ke ɗaukar dila a Kwari ya sani. In labari ya zo maka kai kaɗai cewa kwantenonin shadda sun maƙale a tashar jirgin ruwa, wannan labarin kuɗi ne, kafin azahar ka saye ta kasuwa ka kulle. In kuwa an yi shelarsa da lasifika, kowa ya ji, ya zama surutu, don kafin ka saka takalmi farashi ya riga ya tashi. To takardar nan shela ce da lasifika. Abin da ka karanta, tsohon da ke zaune a shagon caca a Liverpool ya karanta, direban tasi a Sydney ya karanta, mai karɓar cacar kuma ya riga ku duka, har da ma'aikata yake biya albashi su karanta masa. Duk abin da ke cikinta an riga an zuba shi a cikin farashi.

Ga misali. Akwai wani doki Frankel, na Yarima Khalid Abdullah ɗan gidan sarautar Saudiyya, wanda Henry Cecil ya horar. Sau 14 ya fita tsakanin 2010 da 2012, sau 14 ya ci, Timeform ta ba shi maki 147. Fom ɗinsa ba ya buƙatar Bazazzagi ya fassara, 1 ce jere kamar sandunan shinge. To nawa aka sayar da shi? A tseren Sussex na 2012 a Goodwood, sai ka ajiye 20 kafin ka ci 1. Wato ka fitar da naira dubu ashirin, ka kwana da fargaba, don ka samu dubu ɗaya, abin da kake ci a yadi biyu na shadda kana hamma. Duk inda takarda ta tabbata, riba ta gudu. Inda riba take kuwa, takardar ma lalube take yi kamar kai. Dokin da jama'a suka fi yarda da shi, wanda fom ɗinsa ya fi na kowa kyau, wajen sau ɗaya cikin uku yake ci. Sau biyun da suka rage kuwa, ka fi ni sanin yadda ake ji.

Akwai kuma wani mutum da ba ka sa shi a lissafi ba. Galibin tseren da ake yi a Ingila, da shi kansa Kofin Melbourne, irin wanda ake daidaita nauyi ne. Hukuma tana da ma'aikaci wanda aikinsa ke nan, ya zauna da wannan fom ɗin da kake taƙama da shi, ya ga dokin da ya fi bajinta ya ƙara masa nauyi, a cusa ɓallayen dalma a aljihun shimfiɗar sirdi, rago kuma a sauƙaƙa masa. Burinsa a duniya shi ne dawakan su iso layi kai ɗaya. An taɓa cika wa wani wannan buri a Amurka, a filin Aqueduct na New York a 1944, inda dawaki uku suka taka layi tare, hoto ma ya kasa raba su. Wato kai kana karatu don ka gano wanda ya fi, shi kuma ana biyan sa don ya goge fifikon. Kana ɗinki, yana bin ka da reza.

Bari in yi maka sauran bayanin da yaren da kake ji, wato kuɗi. A ce dawaki goma ne, ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne wanda ya sa dubu ɗaya a kan wanda ya ci a mayar masa da dubu goma, uwa da riba. Mai karɓar caca sai ya ce shi dubu takwas zai biya. Mutum goma suka sa dubu-dubu, kowa da dokinsa. Ya tara goma, ya biya takwas, ya soke biyu, ko akawal ne ya ci ko kili. A Hong Kong ma ba a ɓoye-ɓoye, tara kuɗin kowa ake yi wuri ɗaya, ƙungiyar sukuwar ta zare wajen kashi 17 cikin ɗari, sannan a raba wa waɗanda suka dace abin da ya saura. Kai da ka taɓa fasa ciniki da ni a kan naira ɗari biyu, kana rantsuwa da kabarin kakanka cewa faɗuwa za ka yi, yau kai ne kake shiga kasuwar da tun a bakin ƙofa ake yanke maka kashi ɗaya cikin shida.

Sannan wannan kalma ta kyauta da kake ta nanata mini. "Ai kyauta ce, ko sisi ba na biya." Haba ɗan Dabo. Yaushe ka taɓa ganin mai kilishi ya yago maka ɗanɗano saboda Allah da Annabi? Ka sake duba wayarka. A ƙarƙashin kowane doki akwai wani ɗan maɓalli mai walƙiya, yana kiran ka ka danna ka zuba. Duk wanda ya bi ta nan ya buɗe asusu, gidan caca yana biyan mai takardar la'ada, wani tsarin ma kaso ake ba shi daga abin da kai ka yi asara, muddin kana wasa. Dillali ke nan wanda abincinsa ke cikin faɗuwarka, kuma shi ka ɗauka malami. In ma Allah ya sa kana cikin 'yan tsirarun da ke ci a kai a kai, gidajen cacar Ingila sun yi suna wajen rage wa irin waɗannan abin da za su iya zubawa har ya koma kuɗin shayi, ko su rufe asusun gaba ɗaya. Wanda ake ci ne ake shimfiɗa wa darduma.

Na san yadda kake sayen yadi. Sai ka murza shi tsakanin yatsu, ka ɗaga shi ga hasken rana, ka zare zare ɗaya ka ƙyasta masa ashana ka shinshina, ka jiƙa gefen da yawu ka goga a farin hankici ka ga ko yana zuba. Dila ba ta shiga shagonka sai an farke ta. Masu sayen doki na gaske ma haka suke, a buɗe baki a duba haƙori, a ɗaga kofato, a ja shi ya yi taku a gabanka. Takardarka ba ta san dokin ya yi tari da asuba ba. Ba ta san ya bar rabin hatsinsa ba, ko jirgin da ya kawo shi ya jigata shi, ko mai horarwar fitar shan iska kawai ya kawo shi yau don yana hangen wani tseren wata mai zuwa. Yaron barga da ke kwashe kashinsa ya san wannan, kuma ba shi da lambar wayarka. Abin da Hausawa ke kira cinikin biri a sama ke nan, sai dai naka birin yana wata nahiya.

Shi ya sa tarihin sukuwa yake cike da ranakun da takarda ta ji kunya. A Grand National na 1967 a Aintree, akwai wani doki Foinavon da aka sa wa 100 ga 1, wanda mai horar da shi ma bai zo filin ba, ya tafi wani tseren a wani gari. A shinge na 23, ɗaya daga cikin mafiya ƙanƙanta a filin, wani dokin da ya riga ya yar da mahayinsa ya gitta gaban sauran, aka yi karo, dawaki suka cushe, mahaya suka zube. Foinavon saboda tsabar kasancewarsa a baya ya samu sararin kaucewa, ya tsallake ya tafi abinsa ya ci. Yau sunansa aka sa wa shingen. A wane layi na fom aka rubuta cewa lalaci zai yi rana? Kafin nan, a wannan tseren dai a 1956, dokin mahaifiyar Sarauniyar Ingila, Devon Loch, yana gaba, saura kamar yadi 40 ya taka layi, sai kawai ya yi tsalle ba shinge ba komai ya faɗi rub da ciki, har yau ana gardamar abin da ya gani. A Kentucky Derby na 2022 kuma, Rich Strike bai ma samu gurbi ba sai ana gobe tsere da wani doki ya janye, aka sa masa 80 ga 1, ya ratso ta jikin shinge ya cinye.

Amma me zai kai ni nesa, alhali ina da abin da na gani a falonka? Talatar farko ta Nuwamban 2024 a gidanka na kwana. Wajen huɗu da rabi na dare na ji motsi, na leƙo na hango ka zaune a kan darduma, lulluɓe da bargo saboda sanyin da ya fara sauka, kai a sunkuye, leɓe yana motsi. Wallahi sai da na ji kunyar kaina, na ce ashe bawan nan ya fi ubangidansa tsayuwar dare. Na yi alwala na matso in bi ka, sai na ga hasken waya a ƙarƙashin bargon. Ƙarfe uku na rana a Melbourne ita ce biyar na asuba a Kano, kuma Kofin Melbourne ake shirin tashi, mita 3,200 a filin Flemington, tseren da ake yi tun 1861. Ka nuna mini takarda shafi guda da ka cika da jan biro, ka ce mako biyu kana nazari, wannan karon ba kuskure. Aka buɗe ƙofofi. Minti uku da 'yan daƙiƙu kana tsugune kana zungurar iska da gwiwar hannu kamar kai ne a sirdin. Wani doki wai shi Knight's Choice, wanda aka sa wa 90 ga 1, wanda jan bironka bai ko bi ta kansa ba, ya sha gaban wani dokin Japan da tsinin hanci. Mahayinsa Robbie Dolan, ɗan ƙasar Ailan, kafin ranar an fi sanin sa da gasar waƙa a talabijin. Naka kuwa na ƙirga dawaki har na gaji kafin ya wuce. Daidai nan ladanin unguwarku ya kwaɗa kira, ka ɗago ka dube ni da jajayen idanu ka ce, "Ƙasar ce ba ta yi masa ba." A masallaci kai ne ka fi kowa daɗewa a sujada.

Na san abin da za ka kawo, don ka sha kawo shi: Baturen nan na Hong Kong. Gaskiya ne, akwai Bill Benter, Ba'amurke ɗan Pittsburgh, wanda aka ce ya tara abin da ya kusa dala biliyan ɗaya a filayen Happy Valley da Sha Tin. Amma ka riƙa ba da labarin har ƙarshe. Mutumin nan masanin lissafi ne da gidajen karta na Las Vegas suka kora saboda ya fi ƙarfinsu. A kakarsa ta farko a Hong Kong yawancin jarinsa ya narke. Ya shafe shekaru yana rubuta manhajar kwamfuta mai auna abubuwa sama da ɗari a kan kowane doki, yana biyan mutane su tattara masa bayanan da ba a rabawa kyauta. Kuma babban abin da ya gano shi ne lissafinsa bai zauna daidai ba sai da ya haɗa shi da farashin da jama'a suka sa, wato shi ma sai da ya sallama cewa kasuwa ta riga ta san yawancin abin da ke takarda. Dukiyar da ya tara kuwa ba daga bakin dawakai ta fito ba, daga aljihun masu jan biro irinka ta fito. Kana ba da labarin kura, ka manta kai ne akuyar. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga ka shiga wannan makaranta, shekara da shekaru suna tsaye a bakin rumfunan cacar PMU da takardar dawakan Faransa a hannu, suna neman ukun farko a jere, wasan da Faransawa suka ƙirƙiro tun 1954. In ka je sayen dabino ka tambaye su ranar yaye ɗalibai.

Ban zo wa'azi ba, wannan aikin malamanku ne, ko da yake nagarin cikinsu a Zariya suka yi karatu. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ka haddace ta tun kana makarantar allo, kuma ka san a 2024 Hisbar garinku ta bi shagunan caca ta garƙame, abin da ya sa naka shagon ya koma cikin aljihu. Ita sukuwa ba wanda ya hana, a Madina ma an yi tseren dawaki a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da nake so ka duba shi ne masu dawakan kansu. Tseren da ya fi kowanne tsoka a duniya yau shi ne Kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020, dala miliyan 20. Na Dubai, wanda aka fara a 1996, dala miliyan 12 ne a filin Meydan. Ka sha zuwa Dubai sarin kaya, ka shiga Meydan ka nemo mini tagar da ake karɓar caca. Mutanen da suka mallaki ingarmun, suke biyan likitocinsu, suke sanin wanda ya yi tari da wanda bai ci hatsi ba, sun zauna a rumfa suna kallo suna shan gahawa. Kai da ko akuyar Sallah sai ka yi kwana uku kana tayi, kai ne mai ƙarfin halin zubawa.

An daɗe ana gardama tsakanin Kanawa da Zage-zagi a kan wa ya kamata ya ba wani kuɗin shara. Bana na yanke hukunci, kuma ba ɗaukaka ƙara: wanda yake da rarar da zai aika Melbourne da asuba shi zai biya. Bara ka ce mini kasuwa ba ta ci, na yi maka uzuri, ashe dawakan Turawa ne suka cinye rabona. Saboda haka in watan cika-ciki ya kama, ina jiran na shekara biyu, haɗe da turmin atamfar nan da Hajiya ta ajiye, uwargidana ta gani a hoto ta ce ya yi mata. Takardar kuwa ka ci gaba da karantawa, ko ba komai an samu Bakanon da ke karatu ba don jarrabawa ba. Lambar sirrin asusun dai ka miƙa wa uwargidanka yau ɗin nan, kuma in Hajiya ta dawo ka ɗago kai ka gaya mata kuɗin atamfa.